Nana Asma'u 'Yar Shehu: Matar da Ta Ba da Labarin Yaƙi da Bakinta



Idan aka ambaci Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, abin da ke fara zuwa ran yawancinmu shi ne makarantar 'yan mata ko ɗakin kwanan ɗalibai a jami'a, tunda sunanta ake yawan sa musu. An san ta da malanta, an san ta da waƙa. Amma akwai ɓangaren rayuwarta da ba a cika tsayawa a kai ba. Mace ce da ta tashi cikin yaƙi, ta tsufa cikin yaƙi, kuma ta ba da labarinsa da kanta, aka rubuta, aka haddace, har ya iso gare mu. A kan wannan nake so mu yi magana yau, domin mu a nan Kaduna mun ga rikici iri-iri, mun kuma ga yadda ake ba da labarinsa. Mun san waɗanda ake miƙa wa makirufo, mun san waɗanda ake ɗauka hoto kawai a wuce.

An haife ta a Degel, a ƙasar Gobir, a shekarar 1793, wato 1208 bayan Hijira. Tagwaye ne su, ita da ɗan uwanta Hassan. A bisa al'ada Usaina ya kamata a kira ta, sai Shehu ya sa mata Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar (RA), wadda ta riƙa kai wa Manzon Allah (SAW) da mahaifinta guzuri lokacin Hijira, kuma daga bakinta muka ji wani sashe na labarin wannan tafiya. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tun tana ƙarama, sai ta girma a hannun sauran matan Shehu, cikinsu har da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan na daga cikin dalilan shaƙuwar da ke tsakaninta da Bello har ƙarshen rayuwarsa.

Degel ƙauye ne na malamai, kuma gidan Shehu gida ne da mata ke karatu kamar yadda maza ke yi. Wanda ya karanta Nurul Albab ya san irin faɗan da Shehu ya yi wa malaman da ke tara ɗalibai a zaure suna neman suna, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala ba. To a irin wannan gida ta buɗe ido. Ta yi karatun Alƙur'ani, ta shiga littattafai, ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Ba ta wuce shekara 11 ba aka tashe su. Sarkin Gobir Yunfa ya nemi Shehu ya fita daga Degel da iyalinsa kaɗai ya bar jama'a, Shehu ya ƙi rabuwa da jama'arsa. A watan Fabrairun 1804 aka yi hijira zuwa Gudu. Ku ɗan tsaya ku hango wannan ayari: raƙuma ɗauke da littattafai, tsofaffi, mata masu goyo, yara, dabbobi, ga rani ya kama. A watan Yuni aka gwabza a Tabkin Kwatto, Allah Ya ba jama'ar Shehu nasara a ƙarƙashin jagorancin Malam Abdullahi. Kafin shekarar ta fita aka yi musu mummunar ɓarna a Tsuntsuwa, inda aka rasa mutum kusan 2,000, cikinsu mahaddata Alƙur'ani kusan 200. Daga nan sai yunwa ta kora su Sabon Gari a ƙasar Zamfara, sannan Gwandu a 1805. A ƙarshen wannan shekara aka sake karya su a Alwasa, har maƙiya suka iso bakin Gwandu inda mata da yara suke. Sai a watan Oktoban 1808 Alƙalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Idan muna karanta waɗannan sunaye a littafin tarihi, jerin yaƙoƙi muke gani. Ita kuwa yarinyar da ke cikin sansanin, abin da ta gani shi ne gidan da aka wayi gari babu maigida, da matar da ta haihu a hanya, da hatsin da ya ƙare, da zazzaɓin da ke ɗaukar yara. Da harshen yau, 'yar gudun hijira ce na tsawon shekara huɗu da wani abu. A cikin wannan hali, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato.

Maza sun rubuta labarin jihadin nan, kuma sun rubuta shi da kyau. Bello ya yi Infaƙul Maisur a 1812, Malam Abdullahi ya yi Tazyinul Waraƙat a 1813, Giɗaɗo ya yi Raudul Jinan. Duk wanda ya yi nazarin tarihin ƙasar nan ya san ba a iya tsallake su. Sai dai littattafai ne na Larabci, malami ya rubuta wa malami, kuma idonsu na kan tuta da kwamanda da wanda ya yi shahada daga cikin manya. Ba laifi ba ne, kowa abin da ke gabansa yake gani. Amma matar da aka kashe wa miji a Tsuntsuwa ba ta iya karanta su, kuma da wuya ta ga kanta a ciki.

Bari in ba ku misali ɗaya da ya daɗe yana damuna. Akwai Baturen Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato sau biyu, a 1824 da kuma 1826, Giɗaɗo mijin Asma'u ne ma ya kula da masaukinsa. A zuwansa na biyu ya tarar da rundunar Bello ta yi wa garin Konya na Gobirawa ƙawanya, ya ga faɗan da idonsa, ya rubuta a littafin tafiyarsa. Cikin abin da ya bayyana har da wata tsohuwa Bazamfara, baiwar Sarkin Musulmi, a kan doki, da malfa a kanta, ta rataya goruna na ruwa a sirdi da 'yar tasar tagulla, tana kutsawa cikin mayaƙa tana shayar da masu rauni da masu ƙishirwa. Shi da kansa ya yarda cewa tana cikin waɗanda suka fi kowa amfani da jarumta a ranar. Ya siffanta dokinta, ya siffanta fuskarta da suturarta. Sunanta kuwa bai rubuta ba. Shekara kusan 200 ke nan, kuma wallahi har gobe haka ake yi wa mata a rahoton yaƙi: a bayyana kamanninta, a yaba mata ko a tausaya mata, a manta a tambaye ta wace ce, me kuma ta gani.

Asma'u ta fara talifi tana da shekara kamar 27. Littafinta na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilin, da Larabci, a 1820, bayan rasuwar Shehu a 1817. Ita ce kuma ta tsaya wajen tattara rubuce-rubucen mahaifinta da suka sha yawo a bayan raƙuma. Kada wani ya ɗauka da faɗuwar Alƙalawa yaƙi ya ƙare. Abdussalami ya yi tawaye a Kware, Gobirawa sun sake haɗa ƙarfi, Buzaye na kai hari, Kabawa ba su kwanta ba. Kusan duk rani sai an fita. A 1822, lokacin da maƙiya suka matso Sakkwato, Bello ya bar mata wasu baitoci da ya gina a kan haruffan ayar nan ta Suratul Inshirah mai bushara da sauƙi a tare da tsanani. Ita kuma ta mayar masa da amsa da Fulatanci a kan tsarin haruffan nan. Sarkin Musulmi zai fita fagen fama, kuma wadda ya ga ya dace ya yi musayar magana da ita a kan halin da ake ciki ita ce ƙanwarsa. Ku riƙe wannan.

Babban aikinta a wannan fage shi ne waƙar da ta yi da Fulatanci a 1839, wadda Hausawa suka sani da Waƙar Gewaye. Ƙaninta Isa, autan Shehu wanda ta rena, shi ya mayar da ita Hausa. A cikinta ta bi sawun jama'a zango-zango tun daga Degel, inda aka sauka, inda aka yi nasara, inda aka sha kashi, wanda ya riƙe tuta, har zuwa kafuwar Sakkwato da mulkin Bello. Abin da Infaƙul Maisur ya ajiye wa masu Larabci, ita ta sauko da shi bakin murhu. A zamanin da babu rediyo babu jarida, waƙa ce kafar yaɗa labari. Mace na daka tana rerawa, yarinya na ji tana ɗauka, a haka labari ke tafiyar kwana da kwanaki ba tare da takarda ba. Wanda ya tsara waƙar shi ya tsara abin da jama'a za su tuna, kuma a nan mace ce ta tsara.

Ta yi wa yaƙin Gawakuke waƙa ta musamman. A 1836 ne Bello ya fita cikin tsananin zafi da ƙarancin ruwa ya haɗu da haɗakar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Buzaye. Aka kashe Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda, Ibra shugaban Buzaye ya tsere. Shi ne babban yaƙin Bello na ƙarshe, domin a 1837 ya rasu a Wurno. Ragowar Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga can Mayaƙi da Bawa suka ci gaba da kai hare-hare shekara da shekaru, ita kuma ta yi waƙoƙin roƙon Allah Ya karya su. Na san a cikin masu karatu akwai waɗanda ba su gamsu da abin da ke cikin wasu waƙoƙinta na karamomi da tawassuli ba, akwai kuma waɗanda nan ne ma suka fi so. Wannan muhawara ce ta wata rana. Abin da ba mai musu a kai shi ne mace ta yi magana a kan yaƙi da siyasar ƙasa a fili, malamai da sarakuna suka saurara, ba wanda ya ce ta shiga abin da ba nata ba. Har lokacin da aka tuɓe Ɗan Yalli daga sarautar Yabo saboda halinsa, ta yi waƙa da Hausa ta goyi bayan tuɓewar.

Amma inda ta fi burge ni shi ne marsiyyoyinta. Ta yi wa manya, wannan ba abin mamaki ba ne: baffanta Abdullahi, da Bello, da ɗan uwanta Buhari, da mijinta Giɗaɗo. Sai kuma ga marsiyyar Halima, maƙwabciyarta, wadda ba 'yar sarki ba ce, ba ta rubuta littafi ba, abin da aka yabe ta da shi kirki ne da haƙuri da riƙon zumunci. Ga ta Zaharatu, wadda ke zuwa wajen mata masu naƙuda, tana wanke gawa, tana koyar da wanda bai sani ba. Ga ta Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana jagorantar mata daga ƙauye zuwa wajen karatu. Ga ta aminiyarta A'isha, wadda suka sha wahalar zamani tare. A ƙasar da kusan kowane gida ya ba da gawa, waɗannan su ne suka riƙe al'umma a bayan fage, kuma ba domin Asma'u ba da ko sunansu ba mu ji ba. Abin da Clapperton ya kasa yi wa tsohuwar nan mai goran ruwa, shi Asma'u ta yi wa matan unguwarsu.

Yaƙi ya bar wani abu kuma da ba a son faɗa. Ya tara mata da yawa da aka kamo daga Gobir da Zamfara da Kabi da sauran wurare, aka rarraba su gidaje da garuruwan ribaɗi. Wasu sun zama ƙwaraƙwarai a manyan gidaje. Katambale, matar Yunfa, ta koma gidan Bello ta haifa masa 'ya'ya. Sarkin Musulmi Aliyu Babba ɗan ƙwarƙwara ne. Waɗannan mata Hausa suke ji, yawancinsu ba su yi karatu ba, da yawa sun taso cikin bori, kuma an raba su da duk wanda suka sani. Ga zawarawa, ga marayu. Wa zai je musu?

A nan ta kafa abin da aka sani da 'Yan Taru. Ta zaɓi mata dattijai amintattu a ƙauyuka ta naɗa kowace jaji, kalmar da aka aro daga ayarin fatake. Alamar naɗin ita ce malfa da jan rawani. Malfa kuwa a Gobir kayan Inna ce, shugabar mata da bori, sai Asma'u ta ɗauki alamar da matan suka riga suka sani suna girmamawa ta ɗora wa mai koyar da addini. Jaji kan taho Sakkwato da ayarin tsofaffi da 'yan mata ƙanana, matan aure masu reno suna gida. Sukan zo da sadakar hatsi da zuma da man shanu da ƙyalle, ita kuma ta rabar wa mabuƙata. Su zauna su haddace waƙoƙin tauhidi da salla da tarihin Manzon Allah (SAW) da labarin Shehu, su kawo matsalolinsu a warware, su koma su koyar da waɗanda ba su samu zuwa ba. An fi kallon wannan a matsayin makaranta, kuma makaranta ce. Ni dai ina ganin har da hanyar labari a ciki, mai zuwa da dawowa. Jaji ta kai karatu ƙauye, ta kuma kawo wa 'yar Shehu, matar Waziri, ƙanwar Sarkin Musulmi, abin da ke faruwa a ɗakunan da namiji ba ya shiga.

Duk da haka gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta. Asma'u 'yar gidan da suka ci yaƙi ce, kuma da idon gidansu ta ba da labari. Waƙoƙinta a kan Gobirawa masu zafi ne. Ba mu da waƙar Katambale. Ba mu ji daga bakin matar da aka kamo bayan Gawakuke ba, yadda ta kwana a daren farko, ko ina aka kai 'ya'yanta. Mace ɗaya, komai girmanta, ba ta zama bakin dukkan mata. Wannan ya kamata masu shirya labarai su lura da shi, domin sau da yawa in an ce a ji ta bakin mata, sai a kira shugabar wata ƙungiya a Abuja, a ce an ji.

To mu dawo gida. Mu da muke salla a gefen Babbar Kasuwar Kaduna, wadda yanzu ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi, ba sai an ba mu labarin rikici ba. An yi na Fabrairun 2000, aka sake a watan Mayu, aka yi na Nuwamban 2002, aka yi na bayan zaɓe a Afrilun 2011. Waɗannan ne suka raba garin nan biyu, Musulmi suka tattaro arewacin kogi, Kirista suka koma kudu, gada ta zama kamar kan iyaka. A 2000 ina yaro, kusan shekarun Asma'u lokacin hijirar Gudu. Abin da na sani na waɗannan kwanaki, mafi yawansa daga bakin iyayenmu mata na ji shi: yadda aka ciyar da gida cikin dokar hana fita, wace maƙwabciya ce ta ɓoye 'ya'yan wata da ba addininsu ɗaya ba, wa ya fita neman ɗansa asibiti-asibiti. A rediyo da jarida kuwa gwamna muka ji, da kakakin 'yan sanda, da shugabannin addinai, da adadin gawa.

Shiga kasuwar nan yau ka zauna wajen mai tumatir ko mai atamfa ko mai sayar da abinci da ta haura shekara hamsin. Za ta gaya maka ranar da aka rufe kasuwa da kwana nawa aka yi, da yadda kuɗin mudu ya tashi, da abokiyar cinikinta da ta koma Sabon Tasha ba ta ƙara dawowa ba, da bashin da ya mutu a tsakaninsu. Akwai matan da har yanzu suke tsallako gada kullum su kasa kaya kusa da waɗanda aka ce maƙiyansu ne. Wannan ai shi ne labarin rikicin da na zaman lafiyar gaba ɗaya. Ɗan jarida in ya zo, ofishin shugabannin kasuwa yake nufa, ya ji ta bakin maza uku, sannan a hanyar fita ya ɗauki hoton wata tana share hawaye. Haka aka yi da matan da suka tsira daga harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a Maris ɗin 2022, haka aka yi da na Tudun Biri a Disamban 2023. Mun ga fuskokinsu sosai, mun ji maganarsu kaɗan.

Ba mu kaɗai ba ne. Akwai wani binciken duniya da ake yi duk shekara biyar a kan kafafen labarai, na 2015 ya nuna cewa cikin mutanen da ake ji ko ake gani a labarai, mata kashi 24 ne cikin 100, na 2020 ya nuna kashi 25. Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar da ƙuduri mai lamba 1325 a kan mata da zaman lafiya a Oktoban 2000, shekarar da Kaduna ta ƙone. Amma mu ba sai mun jira New York ta koya mana wannan ba. Mu ɗaliban hadisi tambayar farko da aka koya mana ita ce: wa ya gani, wa ya ji, daga wa? Labarin da aka zubar da rabin shaidunsa tun kafin a fara, isnadinsa na da rauni ko da kowace kalma a cikinsa gaskiya ce.

Na san abin da wani zai rubuto a ƙasa: Malam, ai muryar mace al'aura ce. Ɗan uwa, maganar da mafi yawan malamai suka rinjayar ita ce muryar mace a kan kanta ba al'aura ba ce. Abin da Suratul Ahzab ta hana shi ne lanƙwasa murya da kwarkwasa, kuma a ayar nan ɗin aka umarce su da faɗin magana ta alheri. Nana A'isha (RA) ta ruwaito hadisi sama da 2,000, maza suka ɗauka daga gare ta, cikinsu har da abin da ta gani a yaƙin Handaƙ. Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ce ta ba mu labarin yadda mata ke fita tare da runduna suna shayarwa, suna jinya, suna mayar da masu rauni da gawawwaki Madina, yana cikin Bukhari. Ummu Aɗiyya ta faɗi cewa ta halarci yaƙi bakwai, tana dafa abinci tana kula da masu rauni, yana cikin Muslim. Imamuz Zahabi, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tankaɗe maruwaita, ya bayyana a Mizanul I'itidal cewa bai san wata mace da aka tuhuma da ƙarya a ruwaya ba. Da an hana waɗannan magana, da wani yanki na Sira ya ɓace.

Inda nake tare da masu taka-tsantsan shi ne wajen sutura. Matar da 'yan bindiga suka yi wa fyaɗe, ko yarinyar da aka sako daga daji, ba daidai ba ne a kafa mata kyamara a fuska, a yaɗa a Facebook da TikTok, gobe a bar ta da gorin unguwa. Wannan cin amana ne, ko da an kira shi aikin jarida. Amma maganinsa ai Asma'u ta nuna: mace amintacciya ta je wajen mata, ta zauna, ta saurara, ta fito da maganar ba tare da ta tona asirin mai maganar ba. Wannan na buƙatar 'ya'yanmu mata su karanci aikin jarida su kuma yi shi, mu kuma mu daina kallon wadda ta shiga aikin kamar ta fita daga tarbiyya. A kan titin Ahmadu Bello ɗin nan da kasuwa take, Hajiya Bilkisu Yusuf ta zauna a kujerar editan New Nigerian a ƙarshen shekarun 1980, bayan ta riƙe Sunday Triumph a Kano. Tana cikin waɗanda suka kafa FOMWAN, kuma a Mina ta rasu cikin turmutsitsin aikin Hajjin 2015. Allah Ya jiƙanta. Wa zai ce aikin jarida ya rage mata addini?

Asma'u ta rayu bayan Bello shekara 27, ta kuma rayu bayan Giɗaɗo. Ta ga zamanin Atiku da na Aliyu Babba da na Ahmadu ɗan Atiku, ɗanta Abdulƙadir ya riƙe waziranci. Malamai daga nesa suna rubuto mata tana ba su amsa da baitocin Larabci, har da wani malamin Shinƙiɗ da ta yi wa waƙar maraba lokacin da ya sauka Sakkwato. Da fari ya matsa ta yi waƙar roƙon ruwa da Hausa. Tana da shekara kusan saba'in tana nan tana rubutu a kan hare-haren da ke zuwa daga Tsibiri, wato yaƙin da ya tashe ta daga Degel tana yarinya bai bar ta ba har tsufa.

Ta rasu a 1864, aka binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe 'Yan Taru, tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa a 1903. Takardunta kuwa, sama da talifi 60 cikin harsuna uku, suna nan a Giɗaɗawa a hannun zuriyarta. Wazirin Sakkwato Junaidu, jikan jikokin gidan, wanda ya rasu a 1997, shi ya buɗe wa wata Baturiya malamar makaranta, Jean Boyd, waɗannan takardu. Ta fitar da tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka buga tarin ayyukanta da fassarar Turanci a 1997, a Amurka. Yau ɗalibi a can ya fi samun sauƙin karanta marsiyyar Zaharatu a kan 'yar Islamiyya a Tudun Wada. Na sha zagaya masu sayar da littattafan addini a bakin kasuwar nan ina tambayar Waƙar Gewaye, ko ta ajami ko ta boko. Wanda ya san inda ake samunta a Kaduna ya sanar da mu, akwai malamai mata a makarantarmu da ke son su fara karantar da ita.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan Halima da Zaharatu da Hauwa'u, da tsohuwar nan mai goran ruwa a Konya.